Haƙƙin Jama'a Ba Sadaka Ba Ne

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, a zangon da ya wuce an koya mana wani darasi a sashen kasuwanci mai suna "haƙƙin jama'a a wuyan kamfani da kasuwanci mai ɗorewa". Na haddace shi, na ci jarrabawarsa, sa'an nan na tafi hutu gida Farfaru, a ƙasar Jibiya, dab da iyakar Nijar. A can ne na gane cewa mun yi kitso da ƙwarƙwata. Darasin ya koya mana yadda kamfani zai raba ɗan abin da ya rage daga ribarsa, amma bai taɓa tambayar yadda aka samo ribar ba.

Me aka koya mana? Cewa kamfani nagari shi ne mai haƙa rijiyar burtsatse, mai raba buhunan shinkafa da azumi, mai fentin ajin makaranta ya kafa allo da sunansa, a kira 'yan jarida su ɗauki hoto. Misalan littafin kuwa duk daga Amurka da Ingila. A 1970 masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Milton Friedman, ya rubuta cewa nauyin da ke kan kamfani shi ne ƙara riba kawai. Shi dai ya faɗi ra'ayinsa a fili. Mu kuwa ra'ayin nasa ake cusa mana a kowane darasi na lissafin kuɗi, sa'an nan a kawo darasi guda a shafa masa zuma.

To, a zo Jibiya a ga darasi na gaskiya. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakoki domin hana fasa-ƙwauri. A watan Nuwamba na shekarar hukumar kwastan ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wa ya ci ribar tsallakar da mai da shinkafa? Masu manyan motoci da manyan rumbuna, waɗanda yawancinsu a birni suke kwana. Wa ya biya? Ɗan acaɓa, da mai injin niƙa, da manomin rani mai ban-ruwa da inji, waɗanda suka koma sayen mai a galan da tsada. A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka sake rufe iyakar har watan Maris na 2024, masu dako da masu sayar da abinci a Magama suka zauna hannu rabbana. Ɗan kasuwar da cinikinsa ya jawo wa gari irin wannan hukunci, in ya dawo ya raba atamfa da salla, shin ya sauke haƙƙin jama'a ke nan? A bisa ma'aunin littafinmu, ya sauke har da ƙari.

Kada wani ya ce wannan halin 'yan fasa-ƙwauri ne kaɗai, kamfanoni masu rajista sun fi ƙarfinsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ake daka duwatsun zinariya a tsakar gida. Zinariyar nan ba a gida ta tsaya ba, akwai masu sayenta, akwai masu cin ribarta. Ɗalibin da ya kammala digiri a Arewa bai tattauna waɗannan a aji ba, me ya karanta?

Zancen ɗorewa ma haka yake. Ana kawo mana kalmar kamar baƙuwa daga Turai, alhali kuwa malamanta suna tsallaken iyaka. Tun daga shekarun 1980 manoman ƙasar Maraɗi suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: maimakon tumɓuke kututture, sai a bar shi ya yi toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi a raine su. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, ya kuma taki gona. Manomin da ya bar gawo a gonarsa ya fi mai lodin gawayi zuwa birni sanin ma'anar jari, domin shi bai cinye uwar kuɗi ya kira ta riba ba.

Za a ce aikin jami'a koyar da ƙa'idoji ne na duniya, ba labaran ƙauye ba. Na yarda da ƙa'ida. Amma ƙa'idar da ba ta iya auna abin da ke faruwa a ƙofar gidanka, hadda ce, ba ilmi ba.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta nemi abu uku. Na farko, a gina darasin a kan al'amuran ƙasarmu. Na biyu, a shigar da shi cikin lissafin kuɗi, ta yadda ɗalibi zai koyi rubuta asarar ruwa da ƙasa da lafiyar mutane a shafin da yake rubuta riba. Na uku, a fitar da mu fili. A 2021 aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai bi ta Jibiya. A tura mu mu tambayi masu gonakin da layin ya ratsa abin da suka samu da abin da suka rasa.

Gobe mu ne manajoji, mu ne jami'an kwastan, mu ne masu sa hannu a takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ba a koya mana tun yanzu cewa haƙƙin jama'a bashi ne ba kyauta ba, to ranar da muka koma Farfaru da buhunan shinkafa da mai ɗaukar hoto, kada mu yi mamaki in dattawan gari suka karɓa ba su yi godiya ba.