A koya wa matasa makepkg kafin a danƙa musu yay

Tun da Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo da ke hannun matasan Anguwan Rukuba da ɗaliban Jami'ar Jos suka shiga tsaka mai wuya, domin da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Linux mafita ce ta gaskiya, kuma masu ƙishin ƙwarewa kan zarce zuwa Arch Linux, wanda Judd Vinet ya assasa a 2002. Ba ni da ja da wannan zaɓi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗora wa sabon shiga Arch, a saka masa yay, a nuna masa umarni guda, a sallame shi.

A tsarin Arch, pacman ne mai saka manhaja da sabunta ta a hukumance. Akwai kuma rumbun AUR, inda jama'a ke ajiye takardun PKGBUILD masu bayanin yadda za a haɗa wata manhaja. Mataimaka irin su yay da paru suna ɗauke wa mutum wahalar haɗawar, amma ba na hukumar Arch ba ne, kuma sun jingina ne da libalpm, ɗakin karatun pacman. Da pacman 6.1 ya fito a Maris 2024, libalpm.so.13 ya koma 14; da 7.0 ya iso a Satumbar 2024, ya koma 15. Shi kuwa yay ɗin da ke kan na'urarka an haɗa shi ne da tsohuwar lambar, sai ya ƙi tashi, ya ce bai ga fayil ɗin ba. Wanda bai san komai ba sai yay ya tsaya cik, domin abin da zai yi gyara da shi ne ya lalace. Alhali pacman na nan lafiya lau. A tabbatar akwai git da base-devel, a kwafo ma'ajiyar yay daga AUR, a shiga cikinta, a buga makepkg -si. Shi ke nan, sai dai wani lokaci a ɗan jira masu kula da manhajar su daidaita ta da sabon pacman.

Mai gaggawa zai ce a yi mahaɗar da za ta sa sabon fayil ya amsa tsohon suna. Wannan tamkar liƙa takardar wani magani ne a kwalbar wani. Ba don ado ake canza lambar ba, alama ce cewa yadda ake magana da ɗakin karatun ya sauya, kuma manhajar da ke taɓa rumbun bayanan duk abin da ke kan kwamfutarka ba wurin gwaji ba ce. Haka ma mayar da pacman baya shi kaɗai. Arch ya daɗe da cewa ba ya goyon bayan sabunta rabi a bar rabi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na data da wuta. Haɗa yay na buƙatar sauke Go, paru kuma Rust, kuma wanda ke ƙirga megabait yana fargabar a ɗauke wuta yana tsakiyar aiki ba zai ji daɗin wannan ba. Gaskiya ne. Amma akwai yay-bin, wanda an riga an haɗa shi, ƙarami ne, kuma da makepkg ɗin nan ake saka shi. Wasu kuma za su ce a bar Arch, a koma Linux Mint ko Ubuntu. Ga mai shagon buga takardu da cike fom, na yarda ɗari bisa ɗari. Ga mai neman aikin kula da saba kuwa, sanin abin da ke ƙarƙashin mataimakin shi ne sana'ar kanta. Akwai ma batun tsaro: a Yulin 2025 an cire wasu ƙunshi daga AUR, ciki har da firefox-patch-bin, bayan an gano suna ɗauke da muguwar manhajar leƙen asiri. Wanda bai taɓa buɗe PKGBUILD ya karanta ba, ba shi da ko damar zargi.

Ina kira ga masu horarwa a Jos, daga cibiyoyi irin su nHub har malaman shirin 3MTT da masu gyara a bakin titi: duk ɗalibin da kuka ɗora wa Arch, ku sa shi ya haɗa ƙunshi ɗaya da hannunsa, ya karanta PKGBUILD ɗinsa layi-layi, kafin ku ambata masa sunan yay.