Yaro bai tashi ba: mu ƙirga wata, mu duba kwano

Duk wadda ta taɓa zaman kasuwa da goyo a baya ta san wannan tambaya. Tana cikin auna wa mai saye gujiya, sai maƙwabciyar rumfa ta leƙo ta ce: "Yaya, har yanzu yaron nan bai tashi ba? Ai na wance sa'ansa ne, ga shi can yana bin awaki." Magana ce ta wucewa, amma uwa da ita za ta kwana. Ta koma gida uwar miji ta ɗora nata, kishiya ta yi shiru mai ma'ana, kafin a ankara cinikin sati ya tafi wajen mai jiƙe-jiƙe, wani lokaci har a kai yaro wajen wanzami a yi masa tsaga a gwiwa.

Mu ƴan kasuwa mutanen lissafi ne. Ba mu yarda da tiya sai mun ga cikarta, ba mu karɓar jika sai mun ƙirga. To me ya sa in aka zo ga tafiyar ɗiyanmu muke barin lissafi mu kama ji-ta-ji-ta? Muna kuskure iri biyu: muna tayar da hankali tun lokaci bai yi ba, sannan in lokacin damuwa ya yi da gaske, sai mu zauna muna cewa zai tashi.

Mu fara da wata. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da sakamakon bibiyar da ta yi wa yara fiye da 800 masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar: Gana, Indiya, Oman, Norwe da Amurka. Abin da aka gani shi ne, yaro lafiyayye yana zama da kansa tsakanin wata 4 da wata 9, yana kuma taka ƙafa shi kaɗai tsakanin wata 8 da kusan wata 18. Rata ce ta kusan wata goma tsakanin mai sauri da mai jinkiri, kuma dukansu lafiya lau suke. Hausawa na cewa da rarrafe yaro kan tashi, amma binciken ya samu kusan yara 4 cikin 100 da ba su yi rarrafe ba sam. Saboda haka yaron da ya kai wata 14 yana dafa benci yana zagayawa, yana ci, yana wasa, ba shi da laifin komai. Yatsun hannu ma ba ɗaya ba ne. Shi kuwa bakwaini, sai a cire masa watannin da ya rigayi lokacinsa kafin a fara ƙirga.

Akwai masu ɗora wa goyo laifi. Da goyo na hana tafiya, da babu wanda ya taka ƙasa a cikinmu. Inda matsala take shi ne yaro ya wuni ɗaure tun hantsi har la'asar ba a sauke shi ba. Ƙafa ba ta ƙarfi sai tana aiki. Amma ina uwa za ta sauke shi? Wanda ya san babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, ya san amsa: nan kwata, nan kaskon mai yana tafasa, nan ɗan kabu-kabu yana kutsawa, nan amalanke. Uwa ba ta yi wauta ba da ta ƙara ɗaure zane. Wurin ne bai ba ta dama ba, kuma za mu dawo kan wannan.

Wasu cikinmu na sayar da keken nan na roba mai kujera da ƙafafun gungura, ana cewa yana sa yaro saurin tafiya. Mu faɗa wa juna gaskiya ko da za ta taɓa ciniki: ba ya sa shi. Yaro na rataye ne a ciki yana turawa da yatsu, bai koyi tsayuwa da nauyinsa ba, ga shi yana kai shi bakin murhu ko bakin rami cikin ƙiftawar ido. Ƙasar Kanada ta hana sayar da shi tun 2004 saboda yawan raunin da yara ke samu. Tabarma mai tsabta, da hannun yayarsa tana yi masa tatata, sun fi shi amfani, kuma ba su cin ko dala.

Yanzu mu zo ga kwano, domin a ƙasarmu nan babban abin yake. Yaron da ba ya ƙoshi da abinci mai gina jiki ba shi da ƙarfin ɗaukar kansa. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da 2005 ba, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa a Nijar. Ƙididdigar 2022 kuma ta nuna kusan rabin yaranmu ƴan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. Abin takaici, har da ɗiyan masu sayar da abinci a ciki. Uwa na gaban tiren ƙwai, ko buhun wake, ko tulin ƙuli-ƙuli, amma yaronta ruwan fura da tsinkakken kunu yake sha tun safe, don shi ne mai sauƙin bayarwa ana cikin ciniki. Har yanzu akwai masu cewa ƙwai na sa yaro sata. Ba mu taɓa ganin ɓarawon da ƙwai ya yi ba, amma mun ga yaran da rashinsa ya zaunar.

Nono zalla har wata 6, daga nan kunu mai kauri da aka zuba wa garin gujiya ko na wake, da ɗan mai, da ƙwai, da ganyen zogale ko ɗan kifi in an samu, sau uku ko huɗu a rana, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Matar da ta yi kwanika kuwa, kada a tilasta mata yaye na dare ɗaya. Ciki ba ya mai da nono guba. Yayen gaggawa shi ke jefa yaro cikin zawo da rama, a wayi gari wanda ya fara dafa bango ya koma zaune.

Sai kuskure na biyu, wanda ya fi tsada. Akwai alamun da ba a jira a kansu. Yaro ya wuce wata 9 ba ya zama da kansa. Ya kai shekara, in an tsayar da shi ƙafafunsa ba sa dafa ƙasa. Ya cika wata 18 bai taka ba. Jikinsa ya sandare, ko ya saki kamar tsumma, ko gefe ɗaya kawai yake amfani da shi. Ya iya wani abu a da, yanzu ya daina. Ko kuma yaron da ya sha wahalar haihuwa, ko shawara ta kama shi yana jariri, ko ya yi sanƙarau. Duk wanda ya nuna ɗaya daga ciki, gidan likita za a nufa da shi, da katin awonsa a hannu. A can ne za a auna nauyi da damtse, a duba ƙarancin jini, da amosanin jini, da laushin ƙashi. Ƙafar da aka haifa a lanƙwashe ana gyara ta in an zo da wuri. Asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 irin aikinsa ke nan. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wadda kuwa ta ga ƙafar ɗanta ta saki farat ɗaya, musamman bayan zazzaɓi, kada ta kwana. A 2020 an bayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji, amma hakan bai sa an daina ɗiga maganin rigakafi ba, domin wani nau'in ya ci gaba da ɓulla inda yara ba su samu ɗigon ba. In masu rigakafi sun shigo layinmu, mu sauke goyo su ɗiga.

Mun san abin da ke hana zuwa likita: ranar da ba a buɗe rumfa ba, ranar ba a ɗora tukunya. A nan muke kira ga maza. Tun 2006 hukuma ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, ko da yake kowa ya san ba kullum ake tarar da magani ba. Kuɗin mota da na cefanen wannan rana wuyan maigida suke. Shi ya kamata ya ce: "Rufe rumfa ki kai shi, na ɗauki na yau." Wanda zai iya ragon suna ba zai kasa wannan ba.

Mu dawo ga batun wuri. Matan jihar Maraɗi ne suka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, tsarin da ya bazu har ƙasashen waje. Waɗanda suka iya wannan ba za su kasa haɗa rumfa ɗaya a kowace kasuwa ba: inuwa, tabarmi, randar ruwa da sabulu, da dattijuwa ɗaya da za a riƙa haɗa wa ɗan abin hasafi tana kula da yara suna rarrafe. Muna biyan kuɗin rumfa da na shara kullum. Shugabannin ƴan kasuwa su tunkari magajin gari ya ware fili, mu kuma mu ɗauki sauran.

Kafin nan, mu gyara bakinmu. In mun ga ɗan maƙwabciya bai tashi ba, mu tambaye ta watansa nawa, me yake ci, yaushe aka kai shi awo. In bai kai 18 ba kuma yana cikin ƙoshin lafiya, mu kwantar mata da hankali. In ya wuce, mu ce mata ta tafi likita gobe da sassafe, mu za mu tsare mata kaya har ta dawo.

Allah ya raya mana zuri'a.