Kafson Kokwamban Teku: Daga Wane Ruwa Aka Kamo Shi?

'Yan'uwa, a cikin magungunan ƙarin lafiya da ake talla a intanet yanzu akwai kafson kokwamban teku. Sunan ne kawai na kayan lambu. Dabba ce mai rarrafe a ƙasan teku, wadda mutanen Sin suka daɗe suna busarwa suna ci a matsayin abinci mai tsada.

Damuwar tana cikin abincinta. Yawancin irinta laka da yashi suke haɗiya, su tsotse abin da ke ciki. Idan masana'antu sun zubar da dalma, zaiba ko kadmiyum a wannan ruwa, gubar takan taru a jikin dabbar. Dafuwa ba ta kashe ƙarfe, shanya ma ruwa kaɗai take cirewa. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara, kadmiyum kuma ƙoda yake ci a hankali. Mun ga aikin dalma a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu.

Kada tambarin ƙasar waje ya ruɗe mu. A Amurka, dokar 1994 ta bar kamfanoni su sayar da irin waɗannan kayan ba tare da hukumar FDA ta fara amincewa da su ba.

Wanda aka kamo a ruwa mai tsabta ba laifi, amma ba kowace kwalba ce ke faɗin asalin ruwan ba. Kafin ku saya, ku duba lambar NAFDAC, ku tambayi likita. Mai ciki da ƙananan yara kuwa, gara su haƙura da shi.