Malesiya: Sabuwar Manhajar Linux Da Tsohon Darasin Kuala Lumpur

A ranar 14 ga watan Oktoban shekara ta 2025 ne kamfanin Microsoft na Amurka ya kawo ƙarshen gyare-gyaren tsaro da ya saba yi wa manhajar Windows 10, shekaru goma bayan fitowarta. A wannan rana kuma wani ƙaramin kamfani da ke birnin Dublin na ƙasar Ayilan ya fito da Zorin OS 18, wato babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta wadda aka gina a kan Linux, aka kuma tsara fuskarta ta yadda wanda ya saba da Windows ba zai ɓata hanya ba. Kamfanin ya ce cikin wata guda da 'yan kwanaki an sauke ta sau miliyan ɗaya daga intanet, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na masu saukewar da kwamfutocin Windows suka yi hakan.

Ga mazauna Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, wannan magana tana da tsohon tarihi, domin kuwa ƙasarsu na daga cikin na farko a duniya da gwamnati ta fito fili ta rungumi irin wannan manhaja. Abin da ya biyo baya darasi ne ga duk mai niyyar gwada ta a yau, ko a shagunan Low Yat Plaza da ke unguwar Bukit Bintang, inda ake cinikin kwamfutoci da gyaransu, ko kuma a Kano da Maraɗi.

Matsalar dai ita ce, Windows 11 ba ta karɓar kowace na'ura. Tana buƙatar wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma ƙwaƙwalwar na'ura ta baya-bayan nan, abin da ya sa akasarin kwamfutocin da aka ƙera kafin shekara ta 2018 suka rasa shiga. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasi a shekara ta 2023 cewar kwamfutoci kimanin miliyan 240 ka iya ƙarewa a juji saboda wannan dalili, alhali kuwa da yawansu lafiyarsu ƙalau. Microsoft ya buɗe wa talakawan masu amfani da Windows 10 ƙofar ƙarin wa'adi na shekara guda, zuwa watan Oktoban 2026, amma wannan jinkiri ne kawai. Ci gaba da aiki da manhajar da aka daina toshe ɓarakarta kuwa kasada ce, kamar yadda aka gani a watan Mayun 2017, lokacin da cutar kwamfuta ta WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, har ta tsayar da aiki a wasu asibitocin Ingila.

A nan ne Linux ke shigowa. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta ta a shekara ta 1991, ya kuma bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa na da ikon dubawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Abin da ake nufi ke nan da buɗaɗɗiyar manhaja. A da sai ƙwararru ke iya sarrafa ta, amma ire-iren Ubuntu da Linux Mint da Zorin OS sun sauƙaƙa al'amarin ƙwarai. Mutum na iya zuba manhajar a filash, ya tayar da kwamfutarsa daga ciki, ya duba ko sauti da intanet da na'urar buga takardu suna aiki, sa'an nan ya zare filash ɗin ba tare da ya taɓa komai a cikin na'urarsa ba.

To sai dai kuma ba a nan gizo ke saƙar ba, kuma Malesiya ce shaida. Tun a shekara ta 1996 gwamnatin Firayim Minista Mahathir Mohamad ta ƙaddamar da wani yanki na musamman na fasahar sadarwa a kudu da Kuala Lumpur, wanda garin Cyberjaya ke cikinsa. A watan Yulin 2004 hukumar MAMPU, mai kula da zamanantar da aikin gwamnati a lokacin, ta gabatar da babban tsari na amfani da buɗaɗɗiyar manhaja a ma'aikatu, aka kuma kafa cibiyar horarwa da ba da taimako a Cyberjaya. Manufar ita ce rage kuɗin lasisi da ke fita waje, da horar da 'yan ƙasa, da kauce wa dogaro ga kamfani guda. A wannan shekara ce kuma ƙungiyar masu sana'ar kwamfuta ta PIKOM ta fito da PC Gemilang, kwamfuta mai araha da ke ɗauke da Linux, a kan kuɗin da bai kai ringgit 1,000 ba.

Microsoft bai naɗe hannu ba. A shekarar ta 2004 ya ba da sanarwar Windows XP Starter Edition, wani nau'i mai rangwamen farashi wanda ba ya buɗe fiye da manhajoji uku a lokaci guda, kuma Malesiya da Tailan da Indunusiya ne suka fara samunsa. A ƙarshen shekara ta 2006 gwamnati ta sassauta matsayinta, ta ce ba za ta fifita wani nau'in manhaja a kan wani ba. Duk da haka ita MAMPU ta koma amfani da OpenOffice a ofisoshinta a shekara ta 2008, kuma a shekara ta 2010 hukumomi suka ce kashi 97 cikin 100 na ma'aikatun gwamnati suna amfani da buɗaɗɗiyar manhaja.

Wani abin lura game da wannan adadi shi ne, ya haɗa da duk ma'aikatar da ke amfani da irin wannan manhaja ta kowace fuska, kuma galibin nasarar an same ta ne a manyan na'urorin da ke riƙe da shafukan intanet da rumbunan bayanai. A teburin akawu da malamin makaranta da ɗan kasuwa kuwa, Windows ta ci gaba da cin karenta ba babbaka. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Takardun da ake musaya tsakanin ofisoshi da Microsoft Office ake rubuta su, kuma fasalinsu kan jirkice idan an buɗe su da wata manhajar. Kwafin Windows na jabu yana samuwa da araha a kasuwa a wancan zamani, saboda haka maganar kyauta ba ta ruɗi kowa ba. Uwa uba kuma, idan na'ura ta sami matsala, mai gyaran da ke kusa Windows ya sani.

Ba Malesiya kaɗai ta gamu da wannan ba. Birnin Munich na Jamus ya mayar da kwamfutoci kimanin 15,000 kan Linux, amma a shekara ta 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. A ɗaya hannun kuma, jihar Schleswig-Holstein ta yanke shawara a shekara ta 2024 ta mayar da kwamfutoci 30,000 kan LibreOffice, daga baya kuma Linux, tana mai kafa hujja da 'yancin sarrafa bayananta. Ita ma Nijeriya ta ɗanɗana wannan takaddama a shekara ta 2007, lokacin da kamfanin Mandriva na Faransa ya sami kwangilar saka Linux a kwamfutoci 17,000 na 'yan makaranta, shugabansa François Bancilhon kuma ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana ƙorafin cewa ana shirin goge ta a maye gurbinta da Windows.

A haƙiƙa dai al'amura sun sauya tun daga wancan lokaci. Aikace-aikace da dama a yanzu, kamar aika wasiƙa da cike takardun neman makaranta da hulɗa da banki, ta shafukan intanet ake yinsu, kuma waɗannan ba ruwansu da manhajar da ke cikin na'ura. Ga ɗalibi ko malami mai tsohuwar kwamfuta, wannan babbar dama ce. Amma mai shagon buga katin biki da kalanda, wanda abincinsa ya dogara ga CorelDraw ko Photoshop, zai tarar cewa kamfanonin da ke yinsu ba sa fitar da su domin Linux, don haka wajibi ne ya yi gwaji a filash tukuna kafin ya goge komai.

Batun ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, saboda da yawa daga cikin kwamfutocin da ɗalibai da masu ƙananan sana'o'i ke saye na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka da Asiya, wato dai irin waɗanda Windows 11 ke juya wa baya. Bisa ga dukkan alamu za su ƙara yawa a kasuwa, farashinsu kuma ya faɗi. Hausawa kan ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma Linux na iya ƙara wa waɗannan na'urori shekaru na aiki cikin aminci. Amma abin da ya faru a Kuala Lumpur ya nuna cewa umarnin gwamnati da sauƙin farashi ba su wadatar ba. Sai jami'o'i da kwalejojin fasaha sun koyar da ita, sai ma'aikatu sun yarda da takardun da kowace manhaja ke iya buɗewa, sai kuma masu gyara a kasuwanni irin su Farm Center ta Kano sun iya ta kamar yadda suka iya Windows. Muddin ba a yi haka ba, mai gwaji zai yaba da sabuwar manhajar na 'yan kwanaki, amma ranar da na'urar buga takardunsa ta ƙi aiki, mai gyara zai mayar masa da abin da shi mai gyaran ya sani.