Awa biyu a layi domin wasan minti uku

Ranar lahadi 17 ga watan Yuli na shekarar 1955 aka buɗe filin wasanni na Disneyland a garin Anaheim, cikin jihar Kaliforniya ta ƙasar Amurka. An tanadi takardun gayyata domin baƙi na musamman, amma wasu suka buga na jabu, wasu kuma suka haura shinge, har mutane wajen 28,000 suka cika wurin. Rana ta yi zafi ƙwarai, sabuwar kwaltar da aka shimfiɗa ta yi laushi har takalman mata suna nutsewa cikinta, famfunan ruwan sha ba su aiki saboda yajin aikin masu haɗa famfo, abinci kuma ya ƙare. Tun daga wannan rana masu irin waɗannan wurare suka gane cewa gina lilo da jiragen wasa rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne yadda za a yi da dubban mutanen da ke tsaye suna jiran layi ya zo kansu.

Yau irin waɗannan filaye sun yawaita cikin duniya. An buɗe Walt Disney World a jihar Fulorida a 1971, Parc Astérix a arewacin birnin Pari a 1989, sannan Disneyland ta ƙasar Faransa a 1992. Filin Magic Kingdom na Fulorida shi kaɗai ya karɓi baƙi sama da miliyan 17 a shekarar 2023, wato kusan mutum 48,000 kowace rana. Inda jama'a suka kai haka, jira ya zama dole. A watan Yuni na 2019, ranar da kamfanin Universal ya buɗe wani sabon wasa na babura a garin Orlando, jaridu sun ba da labarin mutanen da suka yi awa goma a layi domin hawan da bai wuce ƴan mintoci ba.

Lissafin abin ba shi da wuya. Idan jirgin wasa yana ɗaukar mutum 1,500 cikin awa guda, kuma akwai mutum 3,000 a gaban mai jira, to awa biyu zai yi tsaye, ko ya yi fushi ko ya yi dariya. Ilimin lissafin layi ya samo asali tun 1909, lokacin da wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Erlang ya yi binciken yadda kiran wayar tarho ke cunkushewa a birnin Kwafanhagan. Abin da lissafi ya nuna shi ne, muddin masu zuwa sun fi abin da wurin ke iya ɗauka, layi ba zai daina tsawo ba. Saboda haka tambayar da ta rage ga magidancin da ya biya kuɗin shiga, ya kawo iyalinsa, ita ce: me zai yi da waɗannan awoyi?

Masu filayen sun daɗe da nasu dabaru. Suna naɗe layi kamar igiya, ya je ya dawo tsakanin ƙarafa, domin kada mai zuwa ya ga tsawonsa ya karaya. Suna sa shi ya bi ta ɗakuna masu ado da hotuna da kiɗa, yadda mutum zai ji kamar wasan ya riga ya fara. Suna kafa allo a bakin ƙofa mai faɗin mintocin jira, kuma masu bin diddigin wannan harka sun lura cewa sau da yawa lokacin da aka rubuta yakan ɗara na gaskiya. Wanda aka ce masa minti 60, ya shiga cikin minti 45, zai fita yana murna kamar an yi masa kyauta. A shekarar 2012, a wurin wasan giwar nan mai tashi da ake kira Dumbo, an gina wata babbar rumfa mai sanyi inda yara ke wasa, iyaye na zaune riƙe da ƴar na'ura da ke yin ƙara idan layinsu ya zo.

Duk waɗannan dabaru sun dogara ga abu guda da wani malamin ilimin kasuwanci, David Maister, ya bayyana a 1985. A ganinsa, nauyin jira yana cikin zuciya fiye da cikin agogo. Lokacin da mutum ke yin wani abu ya fi saurin wucewa bisa lokacin zaman banza. Jiran da ba a san iyakarsa ba ya fi wanda aka sani ciwo, haka ma wanda ba a faɗi dalilinsa ba. Jiran mutum shi kaɗai ya fi na cikin jama'a tsawo. Wanda kuwa ya fi duka ɗaci shi ne jiran da aka yi rashin adalci a cikinsa.

Idan haka ne, mai jira yana da iko a kan rabin wahalarsa. Na farko shi ne shiri. Wanda ya iso kafin a buɗe ƙofa yakan hau wasanni biyu ko uku kafin taro ya cika. Wanda ya nufi babban wasa lokacin da jama'a suka tafi cin abinci ko kallon jerin gwano yakan tarar layi ya ragu. Gorar ruwa, hula, ɗan abin taɓawa, da kai yara ban ɗaki kafin a shiga layi, ƙananan abubuwa ne, amma rashinsu ne ke sa a fita daga layi bayan an yi awa guda a cikinsa, a koma baya a sake sabon lale.

Na biyu, kuma mafi girma, shi ne abin da za a cika lokacin da shi. Duk wanda ya dubi layi a irin waɗannan wurare yau zai ga kawuna sunkuye, kowa da wayar salula a hannunsa. Uba yana duba saƙonnin wurin aiki, uwa tana kallon hotuna, yaro an miƙa masa wata wayar domin ya yi shiru. Babu shakka waya tana kashe lokaci. Amma a nan ne asarar take. Iyalin da suka yi shekara suna tara kuɗi domin su yi yini guda tare, sai ga shi mafi yawan yinin ya wuce kowa yana duniyarsa dabam. Hawan jirgin wasa minti uku ne, cikin kururuwa da iska, ba wanda ke jin maganar wani. Lokacin hira na gaskiya a wannan rana shi ne lokacin layi. Wanda ya ba da shi ga waya ya sayar da tsaba ya riƙe dusa.

Abubuwan yi kuwa ba su ƙarewa, kuma ba su cin ko dala. A filayen Disney masu gini sukan ɓoye siffar kan ɓeran nan Mickey, wato da'ira uku, cikin bango da ƙarfe da zane, yara da manya suna gasar gano su. Wasu iyalai suna wasan canke: ɗaya ya riƙe sunan dabba ko gari a zuciyarsa, sauran su yi ta tambaya har su gano. Iyalin Hausawa da ke zaune a Faransa ko Amurka, ko ma'aikacin da aiki ya kai shi can ya fita da yaransa, suna da abin da ya fi wannan a cikin bakinsu: kacici-kacici, tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, karin magana da uba zai fara ɗa ya ƙarasa, salon magana mai karya harshe da ke sa kowa dariya. Yaron da aka haifa a ƙasar waje, wanda Hausa ke neman kuɓuce masa, zai iya koyon kalmomi cikin awa biyu na layi fiye da abin da zai ji cikin mako guda a gida, inda kowa ke gaggawa. Ɗan lakwal kuma ana iya ba shi aiki: ya ƙirga mutanen da ke shiga cikin minti guda, ya kimanta na gabansa, ya faɗi lokacin da za a isa. Ya yi lissafi ke nan ba tare da allo ba, kuma ya ga amfaninsa da idonsa.

Akwai kuma darasin da ba ya cikin littafi. A layi ne yaro ke koyon cewa wanda ya riga shi zuwa zai riga shi shiga, ko ɗan wane ne shi. Yana koyon tsayawa ba tare da ture na gaba ba, yana ganin yadda ubansa ke yi wa baƙo magana, yana gane cewa abin daɗi yakan biyo bayan haƙuri. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, kuma babu inda ƙaramin yaro zai ga ma'anar wannan magana a fili kamar nan.

Sai dai wannan darasi yana cikin haɗari. A 1999 kamfanin Disney ya fito da tsarin FastPass: mutum ya karɓi tike kyauta mai ɗauke da lokacin da zai dawo, ya tafi yawonsa, ya komo ya shiga ta gajeren layi. Kowa yana da hakkin karɓa, mai kuɗi da talaka. A 2021 aka soke wannan tsari, aka maye gurbinsa da na biya, a Amurka da Faransa. A ƙarshen 2024 har an sayar da wani tike na tsallake layi a Disneyland ta Kaliforniya a kan dalar Amurka 400 ga mutum guda a yini guda, wato fiye da jika 200 na kuɗin sefa, ban da kuɗin shiga. Tsohuwar maganar nan ta tabbata: zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.

Masu goyon bayan wannan tsari suna cewa ba a tilasta wa kowa saye ba, kuma wanda ya zo daga nesa, yana da yini guda tak, ya kamata a bar shi ya sayi lokacinsa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta manta da lissafi. Kujerun jirgin wasa ba su ƙaruwa don an sayar da tike. Duk kujerar da mai biya ya hau, daga layin marasa biya aka ɗauke ta. Ashe abin da ake sayarwa lokacin wasu ne, waɗanda su ma sun biya kuɗin shiga, kuma ba a nemi yardarsu ba. Uban da ke tsaye cikin rana da ɗansa, wasu suna wuce su ta ƙofar gefe, me zai ce idan yaron ya tambaye shi dalili? Ba da hanya ga naƙasasshe ko marar lafiya tausayi ne da kowa ya yarda da shi. Ba da hanya ga mai kauri a aljihu wani abu ne dabam.

Mai karatu a Maraɗi ko Tawa ko Damagaram yana iya cewa wannan damuwar masu hali ce a ƙasashe masu nisa. Amma wanda ya taɓa ganin cincirindon yara ranar salla a ƙofar gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda aka kafa tun 1959, suna ɗokin ganin zaki da dorina, ya san cewa ɗokin yaro iri ɗaya ne ko'ina. Kuma abin da masu filayen wasa suka gano da kuɗinsu yana da amfani ga duk ma'aikacin da jama'a ke tsayawa a gaban teburinsa. A faɗa wa mai jira gaskiyar lokacin da zai yi. A faɗa masa dalili idan aiki ya tsaya. A tanadar masa inuwa da benci da randar ruwa. Fiye da kome, kada ya ga an shigar da wani ta bayan gida. Jama'a suna iya haƙurin awa uku idan sun tabbata bi da bi ake yi, amma minti goma na son kai ya isa ya ɓata musu rai har su koma gida.

Saboda haka nauyi biyu ne. Wajibi ne masu tsara layi su riƙe gaskiya da adalci, domin su ne ke rage zafin jira. Iyaye kuma su mayar da waya aljihu, su dubi ƴaƴansu. Bayan shekaru ashirin yaro zai iya mance launin jirgin da ya hau, amma da wuya ya mance tatsuniyar da ubansa ya ba shi suna tsaye cikin rana, layi yana matsawa sannu a hankali.