Sanin asalin jinsin kifi ya cancanci kuɗin bincike

Masu kiwon karfasa sun san namiji ya fi mace saurin girma, domin ita ƙarfinta kan ƙare wajen yin ƙwai da renon 'ya'ya a cikin bakinta. Shi ya sa gonaki da yawa ke cuɗa abincin 'ya'yan kifi da sinadarin metiltestosteron na mako uku zuwa huɗu, har kusan dukkansu su tashi maza. Dabarar tana aiki, amma ragowar sinadarin na iya bin ruwan kududdufi zuwa rafi. Ra'ayina shi ne mafita tana cikin jikin kifin kansa, a wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ƙananan RNA.

Su waɗannan ba sa ƙera furotin. Suna manne wa saƙon da ƙwayar gado ta aika ne su toshe shi. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka buɗe wannan fage a 1993 da binciken wata 'yar tsutsa, suka samu kyautar Nobel a 2024. A kifi, tasirinsu a kan maraina da ƙwan mace a bayyane yake. A 2007 an nuna cewa idan kifin zebra ya rasa furotin Ziwi, wanda ke aiki tare da wani nau'in ƙananan RNA mai suna piRNA, ƙwayoyin haihuwarsa kan mutu, ya tashi namiji marar haihuwa. A kifin medaka kuwa, cire wani ƙaramin RNA mai suna miR-202 kan sa mace ta rage ƙwai ko ta daina. Jinsin kifi abu ne mai sauƙin juyawa: ruwa mai zafin digiri 36 kan mayar da 'ya'yan karfasa mata zuwa maza.

Wasu za su ce wannan ilimin masu hali ne, kuma manomi tsadar abincin kifi ce ta dame shi. Gaskiya ne, sai dai abincin da mata ke ci ba su yi nauyi ba, asara ce daga aljihunsa. Wasu kuma na tsoron a taɓa halittar kifi. Ai sanin alamomin da ke bambanta namiji da mace tun suna ƙanana zai taimaka wajen zaɓen iri ba tare da an sauya ƙwayar gado ba.

Don haka ya kamata gwamnati da asusun TETFund su ba cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa da jami'o'inmu kuɗi da kayan aiki su binciki karfasa da tarwaɗarmu.