Kafin ka sayi tsohon keken tsere, auna ƙafarka

1/ Jama'a, na ga an fara yayin tsofaffin kekunan tsere na ƙarfe, su Peugeot da Raleigh da Bianchi na gwanjo. Suna da kyau wallahi. Amma yawancinmu suna muke saye, ba keke ba. Keken da ba shi da suna in ya yi maka daidai ya fi Bianchi da ya fi ƙarfinka. Ku biyo ni.

2/ Ni ma na taɓa faɗawa. Na ga wani shuɗi yana ƙyalli, firam 60, na biya ko hawa ban yi ba. Mai kayan ya ce "ai sirdi za ka sauke kawai". Sati biyu wuya da baya suka fara ciwo, kuma duk tsayawa sai na karkata kamar zan faɗi. Na sayar da shi da asara.

3/ Mun taso muna zura ƙafa ta ƙasan ƙarfe muna tuƙa Ralin baba, shi ya sa muke ganin kowane keke hauwa ne. Zuwa shago ka dawo, e. Amma keken tsere a sunkuye ake tuƙa shi, awa biyu ko uku. Kuskuren santimita uku sai gwiwa ta biya.

4/ Lambar nan 54, 56, 58 tsawon ƙarfen da sirdi ke shiga ne, daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa sama. Wasu su tsaya a tsakiyar ƙarfen kwance, wasu a samansa, bambancin ya kai santimita 1 zuwa 2. Na Ingila kuma da inci ne: 21 kusan 53, 23 kusan 58, 25 kusan 63 da rabi.

5/ Tsayinka kaɗai ba ya isa. Mutum biyu tsayi ɗaya, wani ƙafa ce doguwa, wani gangar jiki. Cire takalmi, jingina da bango, matsa littafi tsakanin cinyoyinka har sama kamar sirdi, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin.

6/ Lissafin da aka sani da sunan Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France a 1986, 1989 da 1990: ninka awon da 0.65, ka samu firam. Ninka da 0.883, ka samu tsayin sirdi daga tsakiyar inda feda ke juyawa. Nawa 82 ne: firam 53 ko 54, sirdi 72. Ni kuwa na je na ɗauko 60.

7/ A kasuwa, tsaya da keken tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa. Tsofaffin nan ƙarfensu na sama a miƙe yake, ba kamar na zamani da ke gangarowa ba. A samu ratar yatsa biyu tsakaninka da shi. In yana taɓa ka, ranar da ka taka burki da gaggawa za ka gane.

8/ Sai nisan kan keken. Hau, riƙe wajen burki. Gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, kafaɗa a sake. In kana miƙa kamar mai ɗauko abu a saman kanta, ya yi maka tsawo. Sirdi yana hawa yana sauka, ƙarfen sama kuwa yadda aka yi waldarsa haka zai mutu.

9/ Za a ce ai ana canza wuyan kan. Ana yi, amma da iyaka. Kuma tsofaffin na Faransa da yawa kaurin wuyansu milimita 22.0 ne, na sauran 22.2. Ɗan wannan bambancin sai ka zaga masu gyara ba ka samu wanda ya shiga ba.

10/ Inda na saɓa da wasu: suna cewa in ka faɗa tsakanin lamba biyu ɗauki ƙarami. A keken zamani na yarda. A tsoho, ni babban nake zaɓa, muddin ratar nan tana nan. Ƙarami kansa yana ƙasa sosai, kuma wuyan ba ya ɗagawa da yawa.

11/ Sai ka ga an zaro sandar sirdi ko wuya har an wuce layin da aka zana a jiki. Layin nan iyaka ce, in an wuce yana iya karyewa ko ya tsaga firam. A da, in sandar da ta fito ta kai cikin tafi ɗaya, ana ganin keken ya zauna.

12/ An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan dai ari tef ɗin tela ka sa a aljihu. Wanda ke sayarwa ta waya, ka ce ya ɗora tef a ƙarfen ya turo hoto. In lamba ba ta yi ba, bar shi komai arha, mai shi yana zuwa. Ku ajiye awonku a ƙasa mu yi lissafin tare.